Daga Zango zuwa Ingal a saman tirela

Ƙanina ne ya jawo mana tafiyar nan, shi da wayarsa. Muna zaune a fada bayan la'asar, shayi na biyu yana kan garwashi, sai ya miƙo mani wani bidiyo wai in ga yadda tsofaffin Amurka suke cin duniyarsu in sun yi ritaya. Na duba, ashe wasu ɗakuna ne na alminiyon masu ƙyalli kamar sabuwar tukunya, an ɗaura su a bayan mota, a ciki ga gado ga murhu har da ban ɗaki, kuma wai su ma tirela suke ce masu. Na ce kai raba ni, tirela ai ita ce wadda ke tsayawa a tasha 'yan dako suna loda mata buhu tun safe har azahar, wannan kuwa akurkin masu kuɗi ne.

Yaron ya riga ya haddace labarin. Sunan kamfanin Airstream, wanda ya kafa shi wani mutum ne Wally Byam, kuma ba sayarwa kawai yake ba, tara masu irin ɗakunan yake yi ya ja su yawon duniya a jere. A 1951 ya fara kai su Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, a 1959 kuma ya kawo guda 41 Afirka, suka taso daga Kef Tawun suka nufi Alƙahira, kowace da lambarta an rubuta da jan fenti a goshi, in dare ya yi su jera su su yi da'ira su kwana. Yana ta zuba yana cewa Yaya ka ga mutanen da suka san rayuwa ko.

Akwai wani dattijo da ke zama kusa da fadarmu, tsohon direban manyan motoci ne, ya yi hanyar Agadas da Arlit har ƙafa ta gaji ya ajiye, Baba muke ce masa duka. Ba ya shiga hirarmu sai in ta ba shi haushi. Ranar sai ya ce, kai yaro, unguwar nan da kake zaune me sunanta? Ƙanina ya ce Zango mana Baba. Ya ce to zangon wa? Shiru. Ya ce nan ayarin Abzinawa ke sauke raƙuma a wajen ganuwar Birni tun kakan kakanka bai san zai zo duniya ba, su kawo kantun gishirin Bilma su koma da gero, akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai malamin ayari, kai kuma kana nuna mana Bature ya gano tafiya a jere. Malamin lakwal ɗin da ke cikinmu ya ƙara da cewa ai ko Turawan ma sun biyo ta nan, a ƙarshen 1924 motocin Citroën guda 8 masu ƙafar sarƙa, suna jan 'yan tirelolinsu, sun ratso Sahara daga Aljeriya sun sauka Damagaram, lokacin ma nan ce hedkwatar Nijar tunda sai 1926 aka mayar Yamai.

To daga nan dai magana ta juya, wani ya ce mu fa duk cikinmu mutum nawa ne suka taɓa wuce Tanut? Aka ƙirga, huɗu. Kafin a sauke shayi na uku an yanke cewa bana za mu je Ingal bikin lasar gishiri, wanda ake ce ma Kir Sale, kuma ba a motar kamfani ba, a ayarinmu, mu kwana a daji.

Da na gaya ma Inna sai ta dube ni ta ce, ku da ba ku da ko akuya, me za ku je lasa?

Mu 17 muka tashi. Kowa ya zuba jika 25, malamin lakwal ne ma'aji da wani littafinsa mai jan bango. Motoci uku, akwai wata tsohuwar bas da muka yi shata, akwai pikap ta wani abokinmu mai shagon kayan gini, sannan tirelar kawun ɗaya daga cikinmu da dama za ta kai kaya Agadas, buhunan gero da katan-katan na taliya da sabulu, ya ce in dai ba mu damu da rana ba mu hau sama kyauta. Baba kuma muka roƙe shi ya zama madugu, ya yi ta jan rai kwana uku sannan ya ce zai je amma da sharaɗi biyu, ba mai wuce wani a hanya, kuma shi zai ce ga inda za a ɗora kowane kaya. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne Baba. Ranar lodi ya tsaya da sandarsa, bidon ruwa goma sha huɗu masu cin lita 25 duk ya ce a hau da su saman tirela, tukunya, shinkafa, gawayi, buhun gari, tamfol, sarƙa da shebur duk can. Pikap ɗin da ke da fili a baya tabarmi da jakunkuna kawai ya bari aka sa mata da bido ɗaya tak. Mai pikap ya ce Baba ai da an raba, ya ce a'a haka nake so. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

An ce asuba za a tashi, ba mu bar gari ba sai wajen tara saboda mutum ɗaya ya tafi neman cajar waya. Ni saman tirela na zaɓa don in ji abin da ake ji, kuma na ji. Wanda bai taɓa hawa ba ya sani cewa kan buhun gero ya fi kujerar bas daɗi na awa ɗaya, bayan nan kowace ƙwayar gero sai ta gabatar maka da kanta. Kana zaune sama da rufin kan motar, igiyar da aka ɗaure tamfol ita ce abin riƙonka, in aka zo ƙarƙashin itace karen mota ya yi ihu kowa ya kwanta, in aka faɗa rami hanjinka ya taɓo maƙogwaro. Amma fa kallo, wallahi ba a ba wa na cikin bas labari. Watan Satumba ne, damina ta zo ƙarshe, gero ya fitar da kai hagu da dama har iyakar ganinka, muka wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan tsaye a fili da bututunta, muka wuce Bakin Birji, yara suna bin mu da gudu suna ɗaga hannu.

Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, mota mai lafiya a hanya mai lafiya yini ɗaya ya ishe ta. Lokacin da muka yi tafiyar nan hanyar ba ta gyaru ba, wani wurin gudron ɗin ya cinye saura ramuka da ɗan baƙi-baƙi a tsakaninsu don tunawa, direbobi sun buɗe nasu hanyoyin a gefe cikin rairayi. Tirela mai kaya kuwa tafiyar hawainiya take, in ta ga rami sai ta tsaya ta gaishe shi. Pikap ta yi gaba ta tsaya ta jira, bas ta yi gaba ta tsaya ta jira. Sai bayan azahar muka shiga Tanut, muka ci tuwo a bakin tasha, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, muka ƙara gaba.

Rana ta yi ja kenan taya ta baya ta fashe, ƙarar kamar an harba bindiga, har wani ya fara salati da ƙarfi. Direba ya lallaɓa ya sauka gefe. Baba ya fito daga gaban motar, ya dubi rana ya dubi tayar ya ce nan ne zango. Ya taka da ƙafa ya zaga wurin, ya ƙi wani fili mai kyau da muka nuna masa wai kwari ne in aka yi ruwa cikin dare da mu zai tafi, ya zaɓi wani ɗan tudu kusa da itacen aduwa. Ya sa tirela ta tare gabas inda iska ke fitowa, bas a gefe ɗaya pikap a ɗayan, mu a tsakiya. Ƙanina ya ce Yaya ka gani, irin da'irar Amurkawan nan. Baba ya ji shi, bai ce komai ba.

Karangiya. Ban san yadda zan yi maku bayaninta ba in ba ku taɓa kwana a Damargu a ƙarshen damina ba. Muna da ita a gida ai, amma ta can kamar shuka ta aka yi. Na sauko da silifas, taku uku ƙafar wandona ta zama bushiya, na sunkuya in cire ta kama yatsu, na sa baki in cire ta yatsa ta kama leɓe. Mai shagon kayan gini ya shimfiɗa bargonsa sabo fil a ƙasa kafin a share, da ya ɗaga shi sai da ya yi kamar zai yi kuka. Baba ya sa muka ɗauki shebur muka kankare wurin har sai da rairayi ya fito fari, sannan tamfol, sannan tabarmi, takalma kuma kowa ya rataye nasa ko ya kife saboda kunama. Ruwa ya ce kofi biyu kowa, alwala a yi taimama, kuma a nan ne kawai ba wanda ya yi gardama don ɗan Damagaram ba a koya masa tattalin ruwa, mu da muka tashi muna bin 'yan ga-ruwa da layin famfo tun tsakar dare.

Bayan isha'i muna cin dafa-duka mai ɗan ƙauri sai ga mutum biyu sun fito daga duhu kamar daga ƙasa suka tsiro, Abzinawa ne makiyaya, wutarmu suka hango. Aka yi sallama, aka matsa masu. Babban ya kwance wani ƙulli ya fito da cuku, busasshe kamar takarda, muka ba su shayi. Da hira ta yi daɗi ƙaramin ya ce a ba shi fulawa, muna da 'yar kaɗan, ya kwaɓa ta da ruwa da gishiri a kwano, ya ture garwashin gefe da itace, ya buɗe rairayin da ya yi zafi ya kwantar da ƙullin a ciki ya mayar da rairayi da garwashi ya rufe. Muna ta kallon juna wai burodi a cikin ƙasa. Can ya tone ya juya shi ya sake rufewa, da ya fito da shi ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji ƙarar, ya kankare da wuƙa ya ɗauraye da ɗan ruwan da bai kai rabin kofi ba. Tagalla kenan. Ko ƙwayar rairayi ɗaya ban tauna ba, kuma da miyar da ta rage a tukunya muka cinye shi tas. Baba da babban suka shiga hirar ayarin gishiri, wai sai wajen Oktoba raƙuma ke tashi daga Abzin su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu. Ni dai barci ya ɗauke ni ina kallon taurari, sun yi yawa har sun ba ni tsoro.

Rigima da safe ta fara, kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, ina cikin waɗanda suka tayar da ita. Gyaran taya ya ci mana har ƙarfe goma, ga biki an riga an fara a Ingal, muka lissafa muka ga in muka biye ma tirela sai dai mu tarar ana naɗe rumfuna. Mu biyar muka ja gefe da mai pikap muka ƙulla cewa daga Adarbisinat za mu yi gaba mu jira su a Agadas. Ni aka tura in gaya ma Baba don wai ina da baki. Na je na durƙusa na ce Baba dama cewa muka yi ko za mu rage maku nauyi mu je mu nemi masauki. Ya ce masauki ko? Na ce e. Ya ce an yi ruwa a gaba jiya, ka ga gajimaren can. Na ce ai pikap ce Baba. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da jan carbinsa.

A Adarbisinat aka tsaya shingen jami'an tsaro, aka duba katin kowa, muna wucewa muka taka mota. Kai, daɗi. Iska tana dukanmu, muna waƙa, muna yi wa 'yan tirela dariya. Ba mu yi awa ɗaya da rabi ba muka tarar da ruwa ya kwanta a kan hanya, mai pikap ya ce bari ya kauce ta gefe inda ya ga kamar busasshe ne. Saman ne kawai ya bushe. Motar ta yi wani irin nishi ta zauna, ya ƙara wuta ta ƙara zama, kafin mu ce kar ka ƙara tayoyin baya sun nutse har gindin mota ya taɓa laka. Muka sauka muka tura, laka ta yi mana wanka. Muka ce a kawo shebur, shebur yana tirela. Sarƙa, tana tirela. Ba rezo ko ɗigo. Bido ɗayan da ke wurinmu mun riga mun sha rabi, mun wanke fuska da saura don muna ganin ai Agadas ta kusa. Abinci kuwa ban da wani ƙullin ƙuli-ƙuli da aka samu a aljihun ƙanina ba komai.

Awa huɗu da wani abu muka yi a wurin. Motoci biyu sun wuce, ɗaya ta tsaya ta ba mu ruwa a gora amma ba ta da abin ja. Inuwar kirki babu, muka raɓe a jikin motar muna juyawa da rana, kowa ya yi shiru don in aka yi magana faɗa za a yi. A nan ina zaune laka tana bushewa a jikina tana tsattsagewa na gane abin da ya sa tsohon nan ya ƙi raba kaya ranar lodi. Ya san sarai wata rana mai ƙaramar mota zai ji tirela ta ishe shi, kuma ya san ba a tsare saurayi da wa'azi. Tukunya da ruwa ya ɗaure mu da su, mu da wayonmu ba mu lura ba.

Wajen la'asar muka ji gurnaninta tun daga nesa. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mani daɗi kamar ta wannan tsohuwar tirelar ba. Ta zo ta tsaya a kan tudu, 'yan sama suna ta ihu suna tafi, malamin lakwal har da ɗaukar mu hoto. Baba ya sauko a hankali, ya zaga pikap ɗin, ya ce a sauko da sarƙa. Aka haƙa gaban tayoyin, aka cusa rassan tumfafiya da duwatsu, aka ɗaura sarƙa, tirela ta ja sau ɗaya motar ta fito kamar an cire haƙori. Ina jiran faɗa, na ma shirya abin da zan ce. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, an samu masaukin? Shi kenan abin da ya faɗa. Daren nan mu biyar muka wanke tukunya da rairayi, kuma har muka dawo gida sunana Mai Masauki.

Zango na biyu kusa da dutsen Tigidit muka yi, wani dogon gaɓa ne da ƙasa ke yankewa ka gangara, malam ya ce a yankin nan ne masu bincike suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da, har suka sa mata suna Jobaria. Ban ga ƙashi ba, sanyin asuba dai na gani, wanda ya sa duk masu cika bakin ba sa buƙatar bargo suka shige ƙarƙashin tamfol.

Agadas muka shiga da hantsi. Tirela ta tafi sauke kaya, mu muka nufi babban masallaci, hasumiyar nan ta ƙasa mai tsawon mita 27 da itatuwa suka fito mata ta ko'ina, tun wajen 1515 aka fara gina ta aka sake ta a 1844, kuma tsohon garin UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Na hau, matakalar tana ƙara matsewa kana ƙara sama har sai ka bi ta gefe kafaɗa tana gogar bango, jemagu suna wuce ka. Mai pikap da yake yana da jiki a rabi ya dawo.

Ingal kuwa, abin da muka ji tsoro shi ya faru, ranar ƙarshe muka isa. Duk da haka mun ga abin da muka gani, raƙuma sun sha ado da jan fata da tuntaye, mahayansu rawani har ido, samarin Bororo sun jera sun shafe fuska suna zare ido suna nuna fararen haƙora, shanu masu dogayen ƙaho ba iyaka waɗanda aka koro daga kudu don su sha ruwan gishiri su ci ciyawar wurin kafin a juya da su. Muka sayi dabinon Ingal, na saya ma Inna ɗan gishiri a leda don in ce mata ga abin da muka laso. Yini ɗaya da kwana ɗaya, muka juyo. In ka tambaye ni yanzu wa ya ci tseren raƙumi ban sani ba, amma zan iya nuna maka daidai inda pikap ta zauna.

Dawowa tirela ba kaya sosai, ta yi sauri, ba wanda ya ce zai wuce wani. Da muka zauna lissafi a fada malam ya buɗe jan littafinsa, bayan gazuwal da facin taya da abinci da kuɗin shatar bas jika 7 ta rage, aka yi ta gardamar a raba ko kar a raba, ƙarshe aka sayi sukari da ganyen shayi aka kai ma Baba, ya karɓa ya ce sukarin ya yi kaɗan.

Ƙanina dai bai haƙura ba. Satin da ya wuce ya ɗauki hoton tirelar Amurkan nan ya kai ma wani mai walda a Sabon Gari wai nawa zai ƙera masa irinta ƙarama wadda pikap za ta ja. Mutumin ya juya wayar ya duba ya duba, ya ce zai iya, amma ya fara kawo kuɗin ƙarfe. Matata kuma jiya ta fito da bargon da na tafi da shi za ta shanya, karangiya ta soke ta a yatsa, ta ce in na sake cewa zan bi tirela in nemi bargon fada in tafi da shi.